Kafin a Karɓe Bulala a Hannun Malama

A yawancin makarantun da aikina ke kai ni, ajin ƙananan yara shi ne inda ake tura malamar da aka rasa inda za a kai ta: sabuwar ɗauka, ko wadda ta kusa ritaya, ko wadda ake ganin lissafin aji biyar ya fi ƙarfinta. Sai ka ji hedimasta ya ce, "Ai raino ne kawai, wace mace ce ba ta iya ba?" Horar da waɗannan malamai shi ne aikina, kuma a ganina babu ajin da ya kai nasu wuyar riƙo. Ɗan shekara huɗu ko biyar ba haruffa kaɗai ya zo koyo ba. A nan yake koyon jira har layi ya zo kansa, da haƙuri idan an ƙwace masa abu, da yadda zai nemi shiga wasa ba da duka ba, da yarda cewa babban da ba uwarsa ba zai iya lallashinsa idan ya tsorata.

A takarda dai ba a bar mu a baya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fagen shiga firamare, kuma kwalejojin ilimi suna ba da takardar shaidar malanta ta NCE a wannan fanni. Inda gizo ke saƙa shi ne cikin aji, da misalin ƙarfe goma na safe, rana ta fara zafi, yara sun haura saba'in a kan tabarma, malama ita kaɗai.

A duk bitar da muka yi akwai tambayar da ba ta fashi. Wata za ta ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, kin ce kada mu daka, mun ji. To idan ya gantsara wa ɗan'uwansa cizo, me zan yi? Ni ma da bulala aka raine ni, ga ni na zama mutum." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin taurin kai ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Malaman da ke zaune gabana yaran jiya ne. Bulala, kamun kunne da tsallen kwaɗo su ne abin da suka gani yana sa aji ya yi tsit. Wanda ya karɓe su a hannun malama bai ba ta madadi ba, ya bar ta hannu rabbana a gaban yara saba'in, kuma kafin sati ya zagayo za ta aiki wani yaro ya karyo mata tsumagiya.

Madadin kuwa ƙananan abubuwa ne, har wasu kan raina su. Ta durƙusa daidai tsayin yaron, ta kira sunansa kafin ta yi masa magana. Ta faɗi abin da take so ya yi, "zo ka zauna kusa da ni," maimakon "daina yawo." Ta yabi wanda ya yi daidai da ƙarfi yadda na kusa da shi zai ji, ta kuma faɗi abin da ya yi: "Kun ga yadda ta ara wa ƙawarta fensir?" Idan yaro yana birgima, ta gaya masa abin da ke damunsa, "ranka ya ɓaci don an ɗauke maka ƙwallo," ta bari numfashinsa ya daidaita sannan a yi maganar laifi. A sa waƙar da kowa ya san idan an rera ta lokacin tattara kaya ya yi. A Jamaika, Helen Baker-Henningham da abokan aikinta sun gwada horo irin wannan a makarantun yara 76 a Kingston, duka da tsawar da malamai ke yi suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Abin da ya ja hankalina a tsarinsu shi ne ba a tsaya a zauren bita ba, an riƙa bin malamai har cikin ajinsu.

Nan ne darasin da ya fi zauna mini. Kwana uku a otal, da majigi da shinkafa da kuɗin mota da takardar shaida, suna sa malama ta iya bayanin abin da ya kamata. Ba sa canza abin da hannunta zai yi idan ranta ya ɓaci. Wannan sai da maimaici. Shi ya sa muke ture kujeru gefe, wata ta zama yaro mai kuka, wata ta zama malama, a gwada, a yi dariya, a sake gwadawa har maganar ta saba da bakinta. Bayan nan mai horarwa ta je ajin ta zauna a baya.

Ranar farko malama takan ɗauka sufeto ce ta zo. Za ki tarar an share aji, an haddace wa yara gaisuwa, an tura bulala bayan allo. Idan kika buɗe baki da lissafa kurakuranta, kin koya mata cewa haka babba yake yi wa na ƙasa da shi, kuma gobe yaran ne za su karɓi sakamakon. Don haka da abin da ta yi daidai nake farawa, in faɗe shi dalla-dalla, sannan mu zaɓi abu ɗaya tak da za ta gwada kafin in dawo. Nakan kuma tambaye ta lafiyarta, tambaya ta gaske. Matar da albashinta ya makara, ta fito ba ta karya ba, ga goyo a bayanta, ana neman ta haɗiye fushin yara saba'in. Duk horon da bai kula da halin da take ciki ba, bai san wadda yake horarwa ba.

Sai iyaye. A Ghana, a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, Sharon Wolf da abokan bincikenta sun bi makarantu 240 a yankin Accra. Inda aka horar da malamai aka kuma riƙa ziyartarsu, koyarwa ta gyaru, yara ma suka amfana. Amma a makarantun da aka ƙara da tarukan wayar da kan iyaye, ribar da yaran suka samu ta zube. Ni dai abin da na ɗauka daga ciki shi ne, gaya wa uba cewa ɗansa zai koyi karatu ta hanyar wasa ba ƙaramar magana ba ce, kuma idan aka faɗe ta ba yadda ya dace ba, tsoro take haifarwa. Mu ma muna ji a bakin ƙofar makaranta: "Malama, kuɗi fa nake biya, yaro ya dawo sai waƙe-waƙe, ina aikin gida?" Wani ya kawo ɗansa ya ce, "Idan ya ƙi ji ki zane shi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Uban nan ba mugu ba ne, tsoron lalacewar ɗansa yake yi.

Na ga malamai sun fi samun kan iyaye idan suka yi magana da abin da iyayen suka riga suka yarda da shi. Manzon Allah (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ba a cika musu bayan wannan ba. Tatsuniya da gaɗa ma namu ne tun fil azal. Yaron da ya zauna ya saurari yadda Gizo ya cuci Ƙoƙi, aka tambaye shi yaya Ƙoƙi ta ji, yana koyon sa kansa a matsayin wani.

Akwai kuma abin da malamanmu suka sani wanda littafin horo da aka rubuto daga waje bai sani ba. Sun san uwar da ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alkunya take yi, ba ƙi ba. Sun san yaron da aka yi wa ƙani, ko aka kai shi gidan kaka, ko aka saki uwarsa aka bar shi hannun kishiya, halinsa kan canza. Aikina a nan in sa su lura, su daina kiran kowane sauyi rashin ji.

Iyakar aikin malama ma sai an koya mata. Yaron da ya kai shekara huɗu ba ya haɗa magana, ko ba ya waiwaye idan an kira shi ta baya, asibiti yake buƙata a duba kunnensa da girmansa. Yaran da rikici ya koro daga ƙauyukan Zamfara ko Katsina ko Borno, akwai wanda ƙarar babur kaɗai ke sa shi ya shige ƙarƙashin benci, akwai wanda ya koma fitsarin wando bayan ya daina. Malama ba likita ba ce, amma ita ce ke ganinsa kullum, kuma ya kamata ta san wa za ta gaya wa da yadda za ta tunkari uwar ba tare da ta kunyata ta ba.

Yanzu duk wanda ya kira ni tsara horo, tambayata ta farko ita ce nawa aka ware don zirga-zirgar masu bibiya. Idan aka ce babu, nakan nemi a rage kwanakin otal da jakunkunan rabo, a mayar da kuɗin can, a kuma haɗa malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa zama sau ɗaya a wata. Nakan nace a gayyato hedimasta ya zauna a bitar daga farko har ƙarshe, domin shi ne zai leƙo ajin ya ga yara suna zagaye suna tafi, ya yanke hukunci ko karatu ake yi ko wasa.