Abin da na kwaso daga maƙerar jiragen ruwa

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis, in bar kamfanin ƙera jiragen ruwan da na yi wa aiki a Fatakwal. Waɗanda muka sha hayaƙin walda tare sun san dalili. Ƙannena da ke karatu a makarantar koyon aikin jiragen ruwa ta Oron kuwa gara su ji daga bakina.

Ni ɗan ƙasar Yawuri ne. A watan Mayun 2021, da jirgin katako ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ɗauke da mutum fiye da 150, kowa ya ce lodi ne ya yi yawa, kuma haka ne. Sai dai duk wanda ya tashi a bakin tafkin Kainji ya san akwai kututtukan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse kogin Neja a 1968, ya kuma san jirgin katako ciki ɗaya gare shi, huda guda ta isa ta kai shi ƙasa. Shi ya sa na riƙa zama bayan an tashi aiki ina zana jirgin fasinja na farantin ƙarfe, mai shimfiɗaɗɗen gindi saboda ruwa marar zurfi, an raba cikinsa ɗaki-ɗaki an toshe, ko ɗaya ya fashe sauran su riƙe shi. Manyan jirage sun daɗe da wannan dabara. Nawa ƙoƙarin shi ne rage kuɗin, a yi shi yadda mai walda a Yawuri zai iya yi masa faci, kuma ya ɗauki injin da matuƙa suka saba da shi.

Na kai wa oga. Bai gama buɗe shafi na biyu ba ya ce, "Injiniya, wa zai saya? Masunta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mu mu gwada guda ɗaya." Ya ce in koma kan gyaran jiragen kamfanonin mai, su ne ke biyan albashina.

Bayan wani lokaci aka yi baje kolin masana'antu a Legas, wani abokin aiki ya turo mini hoto. Zanena ne a ƙaton allo, da sunan oga a ƙasa a matsayin wanda ya ƙirƙira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na tare shi, ko a jikinsa: duk abin da aka zana a kwamfutar kamfani na kamfani ne. To, na ji. Da ya ɗauke sunan ya ƙera jirgin, wallahi da na haƙura. Har yau ba a yanka faranti ko ɗaya ba. Hoton yake buƙata, don a gan shi cikin masu ƙirƙira lokacin da ake rabon tallafi.

Duk da haushinsa da nake ji, tambayar tasa ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a wannan sana'a mai saye ne ke haifar da sabon abu. Maƙerar sojojin ruwa ta Legas ta ƙera jirgin sintiri NNS Andoni a 2012, ta biyo da Karaduwa a 2016, sannan Oji a 2021. Ba kai suka fi mu ba. Tun kafin a kunna wuta sun san mai karɓa, hannun da ya yi na farko kuma shi ya gyara a na biyu. Hyundai ma a Koriya ta Kudu sai da ta samu odar manyan jiragen dakon mai biyu daga wani attajirin Girka tun ba ta gina maƙerarta ta Ulsan ba, aka yi ginin maƙera da ƙirar jirgi lokaci guda, na farko ya fito a 1974.

Mu fa? Dokar jigilar gaɓar teku ta 2003 ta ce jiragen da ke aiki a ruwanmu su zama ƙirar gida, ta kuma kafa asusun da ake tara kashi 2 cikin ɗari na kuɗin kwangila don 'yan ƙasa su mallaki jirage. Aka kwashe shekara ashirin kuɗin bai kai hannun masu jirage ba, ga kuma ƙofar sassauci a cikin dokar ga wanda ya ce bai samu na gida ba. Farantin ma da dala ake shigo da shi, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba ta ba mu. Bita da baje koli ba sa sayen jirgi.

Sauran shawarwarina ga ƙannena ba su da tsawo. Sa sunanka da kwanan wata a kowane shafi na zane, ka tura ta imel, kada ka miƙa hannu da hannu. Girmama tsofaffin masu walda, sun san inda faranti zai karkace tun kwamfuta ba ta faɗa ba. Kafin ka zana komai, zauna da matuƙi ka ji nawa yake samu a sawu ɗaya.

Oga ya sa hannu a takardar sallamata jiya. Ya rubuta cewa ni yaro ne mai biyayya.