Kwafe wasiƙun sojan yaƙin basasar Amurka: inda aikin ke kuɓucewa

Kuskurena na farko shi ne raba wasiƙun da ambulan ɗinsu. Soja kan rubuta rana da wata, ya bar shekara, sai hatimin gidan waya da sunan sansani su fitar da kai. Wasiƙar da aka rubuta kusa da Falmouth a jihar Bajiniya, galibi ta hunturun 1862 zuwa 1863 ce, don a nan rundunar jihohin Arewa ta yi sansani bayan kashin da ta sha a hannun ta Kudu a Fredericksburg ranar 13 ga Disamba.

Tawadar zamanin tana da sinadarin ƙarfe, tana cin takarda. Don haka ban da salatif, ban da liƙewa cikin leda. Nakan ɗauki hoton gaba da baya sau ɗaya, in yi aiki da hoton. Idan takarda ta yi wa soja ƙaranci, yakan cika shafi, ya juya shi a gicciye, ya sake rubutu a kan na farko. Gama layukan kwance tukuna, sannan ka juya.

Suna ma yana ruɗarwa. Gwabzawar 17 ga Satumba 1862 'yan Arewa na kiranta Antietam, 'yan Kudu Sharpsburg. Na taɓa lissafa ta sau biyu.

Inda hannu ya fi ƙaiƙayin gyara shi ne batun bauta. Kalmar "contraband" a wasiƙun ba kayan fasa-ƙwauri take nufi ba. Bayi ne da suka gudo sansanin sojojin Arewa, tun da Janar Benjamin Butler ya ƙi mayar da wasu uku ga iyayengijinsu a sansanin Fort Monroe cikin Mayun 1861. Sojan da na kwafe wasiƙunsa yakan yi musu baƙar magana a shafi ɗaya, a na gaba ya yaba wa wani daga cikinsu da ya nuna wa sojojin hanya. Ban goge ko ɗaya ba. Idan ka tace, ba za a ga yadda bakinsa ya sauya ba bayan shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairun 1863.

Kada ka tsallake ƙorafin gudawa, busasshen biskit da albashin dala 13 da ba ya zuwa kan lokaci. Cuta ta fi harsashi kisa a yaƙin nan. Kalmar da ta gagara karantuwa kuwa, nakan bar gurbinta da alamar tambaya, in dawo bayan idona ya saba da hannunsa.