Daga Azhar zuwa Bab Zuwaila a ƙafa

Ƙanen maigidana da ke karatu a Jami'ar Azhar shi ya raba mana gardama tun da dare. Yara dalar Giza suke so da hawan raƙumi, ni kasuwa, babansu kuma masallatai. Ya ce duk wanda ya haɗa dala da kasuwa a rana ɗaya, cikin mota zai wuni, don cunkoson Alkahira ba ya jin lallashi. Aka tsayar da magana a kan tsohon gari, inda masallaci da kasuwa suke jingine da juna.

Da hantsi tasi ta ɗauko mu daga unguwar Madinat Nasr ta ajiye mu a ƙofar Masallacin Azhar. Farfajiyarsa farin dutse ne mai santsi, autarmu tana cire takalmi ta fara zamiya da safa, sai da na harare ta. Fatimiyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka aza harsashinsa a 970, aka fara salla a ciki a 972, kuma har yau za ka ga ɗalibi ya jingina da ginshiƙi yana bitar karatu kamar babu kowa a duniya. Baffan yara ya ce a da ɗaliban kowace ƙasa da sashensu a masallacin, har mutanen Barno da nasu. Maigida ya so ya zauna nan har azahar. Ban bari ba.

Muka bi ta ƙarƙashin titi muka ɓullo gaban Masallacin Husaini, daga nan muka faɗa Khan Khalili. Kasuwa ce tun zamanin sarakunan Mamluk, ƙarni na 14, lunguna ƙanana, fitilun tagulla na reto a sama, ƙamshin turaren wuta na dukan hanci. Kyau kam akwai shi, amma gaskiya layukan gaba na baƙi ne, farashinsu ma na baƙi ne. Auta ta liƙe wa wata 'yar fitila mai gilashi ja da kore.

"Anti, ki ɗaure fuska," in ji Baffa ƙasa-ƙasa. "In ya ga kina so, mun shiga uku."

Mai kanti ya faɗi kuɗi, na taya kashi ɗaya cikin uku. Ya dafa ƙirji, ya rantse ko uwar kuɗi bai kai ba, ya aika aka kawo mana shayi da na'ana'a. Muka sha, muka yi godiya, muka juya. Ba mu kai ƙarshen layi ba ya biyo mu da fitilar a leda, ya sallama a rabi. A layin maƙeran zinariya na ɗan rage tafiya ina leƙen wasu awarwaro. Maigida ya ce tun da Mansa Musa ya ratsa garin nan a 1324 ya karya farashin zinariya da kyauta, ba ta sake yin araha ba, saboda haka mu ƙara gaba.

Bayan azahar yunwa ta fara sa yara faɗa da juna. Baffa ya kai mu wani ɗan shago da ba a sayar da komai sai kushari. Mai zubawa yana tsaye gaban manyan tukwane, yana buga ludayi a bakin kwano kamar makaɗi: shinkafa, makaroni, taliya, adas, wake mai zagaye, miyar tumatir, sannan soyayyiyar albasa a kai. Babu nama ko ƙwara ɗaya. Babban ɗanmu ya tona kwanon har ƙasa yana nema, ya ɗago ya ce, "Umma, sun manta." A kan tebur akwai kwalba biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa da binega, ɗaya yaji. Wannan yajin ba na wasa ba ne, maigida da ke cika bakin cin barkono sai da ya share hawaye. Mai neman nama shi ya fara cinye nasa, ya ƙara. Da muka fito muka kora da ruwan rake da ake matsewa a gabanka, a miƙo maka da kumfarsa.

Sayayyar gaske sai da muka sake tsallaka titin Azhar muka shiga Guriyya, tsakanin gine-ginen Sarki Guri na farkon ƙarni na 16. Nan matan gari ke sayen abaya da gyale da zanin gado, turereniya kamar Kantin Kwari ana gobe Salla. Ba mai tare ka da Turanci, ba mai ba ka shayi, farashi kuma ya sauko sosai. Na yi tsarabar surukata da ta 'yan'uwa a nan.

Titin ya kai mu Bab Zuwaila, ƙofar ganuwa da aka gina a 1092, hasumiya biyu a kanta. Maigida da yara suka hau, ni na zauna gadin kaya, gwiwata ba ta da wannan buri. Suka sauko suna haki, auta na ba ni labarin tattabaru da shanyar kaya a kan rufin gidaje.

Gaba kaɗan da ƙofar akwai Khayamiyya, rufaffen layin masu ɗinkin rumfuna. Wani dattijo na zaune ya harɗe ƙafa, yana yanka ƙyalle kala-kala da almakashi yana ɗorawa kan wani da allura, ɗinkin ƙanana har sai ka matso kake ganinsu. Na ɗauki wani shuɗi na ratayewa a bango, na taya. Bai dafa ƙirji ba, bai rantse ba, ya rage ɗan abin da ya rage ya ci gaba da ɗinkinsa. Na juya bayan ƙyallen na duba aikin, na ƙirga kuɗi na ba shi.

Maigida ya dubi ledojin da ke hannun ƙanensa, ya dube ni.

"Kin dai san kilo 23 ne kowace jaka ko?"

Na ce na sani, shi ya sa littattafan da ya saya jiya za su zauna wurin Baffa har ya zo hutu.