'Yar Sitikar da ke Bayan Murfin Tanki

Har yau in na buɗe murfin tankin mota, ko da tsohuwar Corolla ce, sai na leƙa bayansa. Yaran wurina dariya suke yi mini. Ba su san abin da wata 'yar sitika ruwan ɗorawa, wadda ba ta kai faɗin kwalin ashana ba, ta ci mini ba.

Sana'ata sayar da motoci ce a titin Ali Akilu a Kaduna: Corolla, Camry, Accord, in kasuwa ta yi kyau a sa Hilux ɗaya ko biyu a gaba don ado. Farkon 2023 wani yaro ɗan masu hali daga Malali ya fara yi mini zarya, wai Nissan GT-R yake so, in na kawo zai saya. Ko kafin alƙalami bai bayar ba. Amma maganar gaskiya ba don shi na shiga ba, ni ma na daɗe ina mafarkin motar.

Wanda bai san ta ba zai ce ai Nissan ce, 'yar'uwar Almera da Primera. Ina! Sunan GT-R ya faro ne tun 1969 a jikin Skyline. Samfurin R32 da ya fito a 1989 ya shiga tsere 29 a gasar motocin Japan ya cinye duka 29, kuma wata mujallar motoci ta Ostireliya ce ta laƙaba masa Godzilla, sunan da ya bi gidan har yau. Wadda nake magana a kai, R35, an nuna ta a bikin baje kolin motoci na Tokyo a Oktoban 2007. Injinta V6 ne, lita 3.8, da turbo biyu masu tura masa iska don ƙarin ƙarfi. Ƙafa huɗun duka suna ja. Giya shida ce mai kuloci biyu, kuma giyabos ɗin a baya yake, ba a jikin inji ba, don nauyi ya rabu. Da ta shiga Amurka a 2008 ƙarfin doki 480 gare ta, kuɗinta dala 69,850, tana kuma kunyata motocin da suka ninka ta tsada. Ta 2013, irin wadda na sayo, doki 545 ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne injin. Lokacin da ake ƙera ta, a masana'antar Nissan ta Yokohama mutum ɗaya ne yake haɗa shi da hannu daga farko har ƙarshe, cikin wasu 'yan tsirarun gwanaye da ake kira takumi, sannan a manna farantin ƙarfe mai sunansa a gaban injin. Ku riƙe maganar farantin nan.

A gwanjon intanet na Amurka na gan ta. Biyu ne a gabana a makon. Ɗaya fara, ba a taɓa mata komai ba, da takardun sabis ɗinta. Ɗayar baƙa, an canza mata salansa, an sa mata manyan bututun iska masu sheƙi, mai ita ya rubuta cewa an ƙara mata ƙarfi har ya haura doki 700. Sai na yi lissafin ɗan kasuwar hatsi: mudu ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, wannan kuma an yi mata gyara har ya yi tozo. Na ɗauki baƙar, har da ɗan ƙari a kan kuɗin farar. Cikin hotuna talatin da wani abu akwai na murfin tanki a buɗe, da 'yar sitikar an rubuta E85. Na gan ta. Wallahi na gan ta. Na ɗauka lambar da masu gwanjo ke manna wa kaya ce.

Maganar fito ba zan tsaya a kanta ba. Jirgi ya iso Legas bayan an saki naira a watan Yuni, duk wanda ke da kaya a ruwa lokacin ya san yadda lissafinsa ya koma. Na ranto a wurin maigidana na cike. Tirela ta sauke ta a Kaduna ranar wata Alhamis, sai da muka jera katako saboda ƙasan bambarta kamar za ta lashi ƙasa. Mutane suka taru, masu Keke har tsayawa suke yi suna ɗaukar hoto.

Da sauran mai kaɗan a tankin, ta tashi lafiya lau, ƙararta kamar hadarin Agusta. Na kai ta gidan mai na ce a cika. Tun kafin in kai shataletale ta fara gargada, baƙin hayaƙi a baya, warin ɗanyen fetur har cikin mota. Mai hankali a nan zai kashe ta ya nemi masani. Ni sai na ce ai zaman jirgi ne, wata biyu ba ta motsa ba, a buɗe mata wuta ta washe.

Asabar da sassafe na hau gadar Kawo na miƙi hanyar Zariya. Wajen Rigachikun hanya ta buɗe, na taka totur har ƙasa. Abin da na ji a daƙiƙa uku ɗin nan ba zan ɓoye ba, daɗi ne: bayana ya manne da kujera, bishiyoyi suka zama zare. Sai wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ƙwas, fitilu suka cika gaban sitiyari. Na gangara gefen titi kusa da masu sayar da rake. Wani dattijo ya matso ya ce, "Alhaji, mai ne ya ƙare?"

Bakanikena na Kurmin Mashi, wanda ya yi shekaru a kan Peugeot kafin ya koma motocin Japan, ya zagaya ta sau biyu bai taɓa ba. Ya ce, "Alhaji, wannan ba tawa ba ce. In na sa mata sifana na cuce ka." Na gode masa har gobe. Wani yaro muka ɗauko daga Abuja mai aiki da kwamfuta. Kafin ya jona na'urarsa ya buɗe murfin tanki, ya nuna sitikar da ɗan yatsa, ya dube ni. "Oga, wane mai kuka zuba?"

Shi ya yi mini karatun da ya kamata in yi kafin in biya. E85 mai ne da ake sayarwa a Amurka, kusan kashi 85 cikin ɗari na sinadarin itanol ne da suke tatsa daga masara. Yana jure matsi da zafi fiye da fetur nesa ba kusa ba, shi ya sa masu ƙara wa mota ƙarfi ke son sa. Sai dai inji yana shan sa da yawa, kusan ƙarin kashi 30 cikin ɗari. Mai motar na farko ya sa an sake tsara kwamfutarta a kan wannan man kaɗai: turbo na tura iska fiye da ƙima, wuta na tashi da wuri, mai na kwarara. Ni kuma na ɗura mata fetur ɗinmu, wanda ko GT-R da ba a taɓa ba sai an lallaɓa take karɓarsa. Man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, sandar fistan ɗaya ta lanƙwashe. Mu da masara ta yi mana yawa a Saminaka, ga motar da ke shan masara ta mutu a hannuna don ƙishirwa.

Wata biyar tana rufe da tamfol muna jiran kaya. Aka sauke inji, aka gyara, aka mayar da kwamfutar yadda kamfani ya yi ta. Yaron Malali ya zo sau ɗaya da abokinsa. Abokin bai tambayi gudu ba, bai tambayi doki nawa ba. Cewa ya yi ina salansarta ta asali, ina takardun sabis, an taɓa buɗe injin? Ya shafa farantin nan mai sunan Bajapane ya ce, "Suna dai nasa ne, amma hannun ba nasa ba ne yanzu." Ban sake ganinsu ba.

A nan na gane yadda kasuwar irin waɗannan motoci take, kuma ta saɓa da duk abin da na sani. A Corolla, sabon rim da babbar rediyo suna ƙara kuɗi. A GT-R duk abin da aka ƙara ragi ne, domin mai saye ya san ba don zuwa masallaci aka ƙara mata ƙarfi ba, an ci zalin giyabos da inji. Wadda ba a taɓa ba ita ce zinariya. Sabuwar ta 2024 ta haura dala 120,000 a Amurka, samfurinta mafi ƙarfi, wato Nismo mai doki 600, ta haura 220,000, wannan ya riƙe darajar tsofaffin masu tsafta, ba sa zubewa kamar manyan motocin Jamus masu shekarunsu. A watan Agustan 2025 kuma aka ƙera ta ƙarshe, bayan shekara 18 da motoci kusan 48,000. Ƙofa ta rufe. Farar nan da na tsallake, duk wanda ya same ta yana barci da munshari.

In kana da niyya, ka sa a buɗe bonet a ɗauko maka hoton kowane lungu. Ka nemi wanda zai jona kwamfuta tun tana can ya gaya maka ko an taɓa tsarinta. In mai ita yana alfahari da yawan doki, ka gode masa ka wuce. Ka kuma tambayi kanka inda za ka samo taya inci 20 irin nata da man giyabos ɗinta, don ba a kasuwar Panteka suke ba. Sannan ka duba murfin tanki. Ka duba murfin tanki, bawan Allah.

Wani mutumin Legas ne ya saye ta daga ƙarshe, bayan na gaya masa komai, don ba zan haɗa asara da zunubi ba. Abin da ya biya bai rufe ramin ba. Corolla tara na sayar kafin in gama biyan maigidana. Ranar da na kai masa cikon ƙarshe ya ƙirga, ya sa a aljihu, ya ce, "To, Godzilla, sai a koma bakin aiki." Sunan da ake kirana da shi ke nan a layinmu yanzu.