Zagayen da Muka Yi a Zaurukan Garwa Don Jin Bakin Masu Sana'ar Gargajiya

Dokar da ta tsara ƙungiyoyin masu fasaha da al'adu a Kamaru ta fito ranar 20 ga Yuli 2020, amma kafin labarinta ya kai kunnen makaɗan unguwarmu a Garwa an jima, kuma da ya iso a karkace ya iso. Wai gwamnati ta ce duk wanda ba shi da takarda ba zai ƙara kiɗa a gidan biki ba. Dokar ba ta faɗi haka ba. Magana take a kan yadda ƙungiyoyi za su sami amincewar hukuma, su haɗu rukuni-rukuni gwargwadon sana'a har zuwa matakin ƙasa. To amma wa zai warware wa mai kalangu wannan, tunda takardar da Faransanci da Ingilishi take, shi kuwa Hausa da Fulatanci yake ji?

Ni malamin makaranta ne, kuma ni ke riƙe da littafin wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa. Ta wannan hanya aka gayyace ni wani zaman tuntuɓa kan makomar al'adu a yankinmu na Arewa. Da hantsi aka yi shi, a babban ɗakin taro. Waɗanda suka halarta mutanen kirki ne masu kishin abin: malaman jami'a, masu zane, mawaƙan zamani, 'yan jarida, shugabannin ƙungiyoyi masu hatimi. An yi magana mai ma'ana. Sai dai na duba kujeru ban ga mabushi ko ɗaya ba, ban ga baduku ba, ban ga zabiya ba, alhali rabin jawaban a kansu aka yi. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ƙasarmu ba ta rasa taro a kan al'adu ba. An yi babban taron al'adu na ƙasa a Yawunde a 1991. Bikin fasaha da al'adu na ƙasa, FENAC, ya zo Ngaundere a 1996, ya zo Marwa a 2008. An kafa asusu na musamman a 2001 don tallafa wa harkar al'adu, an yi dokar kare kayan gado a 2013. Bayan babban taron ƙasa na 2019 aka fitar da kundin ƙananan hukumomi a watan Disambar shekarar, aka zaɓi majalisun yankuna a Disamba 2020, kuma raya al'adu da harsunan gida na cikin ayyukan da aka damƙa musu. Wannan na ƙarshen shi ya ba ni ƙwarin gwiwa. Yawunde ta yi wa makaɗi nisa, amma majalisar yanki ga ta nan cikin gari, ana iya taka ƙafa a kai mata takarda.

Na kai maganar wurin abokan ƙungiyarmu, muka daidaita cewa tunda masu sana'a ba su zo ɗakin taro ba, mu za mu je inda suke, mu rubuta abin da suka faɗa, mu kai. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Abu na farko da muka kiyaye shi ne ƙofar shiga. Ba a faɗa wa makaɗan fada kai tsaye. Sai da muka fara gaisuwa wurin mai unguwa, shi ya haɗa mu da dattawan sana'a, su kuma suka sa mana rana. Mun riƙa zuwa bayan la'asar da ƙullin goro, mu zauna a tabarma, ba a ciro takarda sai gaisuwa ta ƙare sarai. Ɓangaren mata kuwa wata ƙanwarmu a ƙungiya ce ta jagoranta, ta hannun wata Hajiya da duk bikin unguwar sai an nemi shawararta. Na biyu shi ne irin tambayar. In ka ce wa mutum mene ne ra'ayinsa game da manufar al'adu ta ƙasa, zai ce maka Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, magana ta ƙare. Mu tambayoyi uku muka riƙe: wurin wa ka koya, wa ke koyo a wurinka yanzu, kuma daga ina abincinka ke fitowa a bana? Daga waɗannan ukun duk sauran zance ya ɓalle.

Zaman da ya fi tsaya mini shi ne na wani dattijo mai busa algaita. Gidansu gidan busa ne tun kakanni, kuma kamar yawancin gidajen Hausawa na wannan gefen, asalinsu fatauci ne ya kawo su ƙasar Adamawa tun ƙarni na 19. Ya ciro algaitar daga jakar fata, ya warware tsumman da ya naɗe ta, ya nuna mana inda fatar jikinta ta yi baƙi ta yi sulɓi don yawan riƙo, da ɗan faifan da leɓe ke dafawa. Ya jiƙa bakin a ruwa, ya cika kumatu, ya yi mana busa mai tsawo ba tare da ya yanke numfashi ba, yana shaƙa ta hanci yana turawa da kumatu. Da ya sauke sai ya ce: "Malam, wannan numfashin da ka ji, yaro da tsinken kara da ƙwaryar ruwa yake fara koyonsa, ya yi ta hurawa kumfa ba ta tsayawa. Shekaru ake yi. 'Ya'yana maza duk suna kan babur suna neman na cefane, kuma ban ga laifinsu ba. In na ce ɗaya ya zauna ya koya, me zan ba shi ya kai wa matarsa?"

Na ce, "Baba, in aka shirya babban biki a Garwa aka gayyace ku, ba zai taimaka ba?"

Ya ce, "Zai taimaka na mako guda, ɗana. A hawan Sallah ma ai muna fita, jama'a na ɗaukar mu a waya. Sauran watannin fa?"

Wannan amsa ta sauya mini yadda nake kallon al'amarin gaba ɗaya. A ɗakin taro kusan kowace shawara kan biki take ƙarewa: a ƙara bukukuwa, a gina dandali, a gayyato baƙi. Biki abu ne mai kyau, ni ma ina son sa. Amma sana'a tana rayuwa ne da abu biyu, magaji da kasuwa, kuma duka biyun suna ƙarewa a hankali ba tare da kowa ya rubuta rahoto ba. Gidan aure da suna su ne kasuwar makaɗi, yanzu kuwa mai biki ya gwammace ya ɗauko yaro da manyan lasifika da kwamfuta, kuɗinsa bai kai na ƙungiyar makaɗa ba. Wani ɗan'uwa da ya zo daga Marwa ya ƙara mana da cewa tun hare-haren Boko Haram na 2015 taron dare ya ja baya a can na tsawon lokaci, kuma makaɗan da suka saki sana'a a wancan lokaci da yawansu ba su koma ba.

Dukawa da majema ma maganarsu ke nan, da wata fuska. Wani majemi ya kai mu bakin ramukansa, ya nuna mana fatun da ya jiƙa da toka, da tulin bagaruwar da ya daka don jima. Ya ce fata mai kyau ta yi tsada don ana kwashe ta ɗanya a fita da ita, takalmin roba kuma ya cika kasuwa. Bai nemi a ba shi kyauta ba. Roƙonsa shi ne in hukuma za ta yi wa baƙi tsaraba ko ta sayi jakunkunan taro, ta saya a hannunsu. Marwa ta yi suna da jima da dukanci har tana da cibiyar masu sana'ar hannu da baƙi ke ziyarta, kuma dukawan Garwa na ganin su ma suna da abin nunawa.

A wurin mata ne aka yi tambayar da ta fi kowace nauyi. Wata zabiya mai kiɗan ƙwarya, wadda kowa ke ce wa Inna, ta ce ta ji muryarta a wayar wani mai shago, ta tambaya aka ce mata a wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa ya saya. An ɗauke ta a wani biki, ana sayarwa, ko dala ba ta gani ba. Ta ce wa ƙanwarmu: "'Yata, waƙar ta kakata ce, ni na ƙara mata baitoci, muryar kuma tawa ce. To a dokarku ta wa ce?" Sai da na koma na buɗe dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba 2000. Dokar ta ce abin da aka gada na gargajiya mallakar al'ummar ƙasa ne, wanda zai yi kasuwanci da shi sai ya nemi izinin hukumar al'adu ya biya. Ta kuma kare wanda ya ƙirƙiri sabon abu, da wanda ya rera. Wato Inna tana da haƙƙi ta fuska biyu. Amma kafin ta ci moriyarsa sai ta yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar kuɗin mawaƙa, ta cike takardu, a rubuta baitocinta. Babu wanda ya taɓa zama ya gaya mata haka da harshen da take ji, shekara ashirin da wani abu bayan fitowar dokar. Raina ya ɓaci ƙwarai a wannan rana.

Matasan fim ba su ɗauke mu lokaci ba, sun san abin da suke so. Finafinan Kano ne suka raine su, suna yin nasu da waya da ƙaramar kyamara suna sawa a YouTube. Silimar Ribadu ta nan Garwa ta daɗe da rufewa, don haka suna neman wurin nuna fim ko da sau ɗaya a wata, da sauƙin samun izinin ɗauka a titi.

Zaman bai tafi lami lafiya ko'ina ba, kuma gara a faɗa. Wani malami da muke girmamawa ya ce bai ga dalilin da za a kashe dukiyar jama'a kan kiɗa ba. Ba mu yi musu da shi ba. Mun tambaye shi littattafan ajami da ke cikin akwatunan gidajen malamai, waɗanda gara da ɗanshi ke ci, da waƙoƙin wa'azi da bege, da rubutun allo da zayyana. Nan take ya ce ai waɗannan su ne farkon abin da ya kamata a ceto, har ya ba mu sunayen gidajen da za mu je. Ya fito daga zaman yana nan kan ra'ayinsa game da kiɗa, amma da buƙatarsa a cikin takardarmu. Wani kuma ya kawo ƙorafin cewa in ana lissafin al'adun Arewa sai a ce kayan Hausa na Najeriya ne. Ƙorafin yana da tushe, domin ko a fadojin lamidai sarautu irin su Galadima da Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi suna nuna tsawon zaman tare. Duk da haka mun ƙi yarda takardar ta zama ta ƙabila ɗaya. Garwa garin Fulani ne da Fali da Bata da Gidar da Mundang da Tupuri da wasu da yawa, kuma matsalar magaji da kasuwa ba ta bar kowa ba. Da muka je wurin masu kiɗan wasu unguwanni, da Fulatanci muka yi zancen, amsoshin kuwa kusan iri ɗaya.

Batun UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma ya taso. Mutane sun ji an sa bikin Nguon na mutanen Bamun a jerin kayan gadon duniya a 2023, an sa Ngondo na mutanen Duwala da hawan Sallar Kano a 2024, sai suka ce mu fa da hawanmu? Tambaya ce mai kyau. Na gaya musu iyakar abin da na fahimta: ba a kai abu can sai an fara rubuta shi a jerin kayan gado na ƙasa, da yardar masu abin, da bayanin yadda za a ci gaba da koyar da shi. Kenan ko ta wannan hanya aka bi, kan maganar dattijon algaita ake dawowa.

Da muka gama zagaye na zauna na rubuta takardar da Faransanci, shafi kaɗan. Kafin mu kai ta sai muka sake tara mutanen a zauren mai unguwa, na karanta musu layi-layi da Hausa, wani abokina ya maimaita da Fulatanci. Wannan mataki ya fi kowane amfani. Sun cire abubuwa, sun ƙara wasu. Inda na rubuta a ba dattawan sana'a tallafi, dattijon algaita ya ɗaga hannu ya ce a gyara: kuɗin a ba yaron da ke koyo, wata-wata, muddin yana zuwa, shi malamin a ba shi nasa in yaron ya iya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka muka rubuta. Sauran buƙatun su ne a fassara dokokin 2000 da 2020 a karanta su a rediyo da harsunan gida, a sa wanda zai taimaki mawaƙan da ba su yi boko ba wajen rajista, a riƙa sayen kayan masu sana'ar hannu na gida, a kuma ɗauki hoton littattafan ajami da izinin masu su.

Mun kai wa majalisar yanki takardar, an karɓa da mutunci, an buga hatimi a kan kwafinmu. Amsa a rubuce ba ta zo ba tukuna, kuma na koma na shaida wa mutanen haka da bakina, domin wanda ya ba ka lokacinsa da sirrin sana'arsa yana da haƙƙin ya ji inda maganarsa ta kwana. Abin da ke hannunmu kuwa mun fara. Mun rubuta wa Inna baitocinta da sunanta a kan kowane shafi, wani lauya ɗan unguwa ya yarda ya duba mata takardun rajista ba tare da ya karɓi komai ba. Wasu 'yan kasuwa sun ɗauki nauyin yara biyu da ke zuwa koyon busa da yamma bayan an tashi daga makaranta. Mun sa zama na gaba bayan Babbar Sallah, kuma mun aika wa 'yan majalisar yanki gayyata su zo zauren da kansu.