Yadda na shayar da ƙudan yashi jini ta fatar ɗan tsako

Sati uku ina kai wa ƙudajen nan jini suna ƙin sha. Ƙudan yashi ne, irin da ake kira Phlebotomus duboscqi, mai yaɗa cutar lishmaniya ta fata a ƙasashen Sahel har da arewacin Najeriya, wadda ke bar wa mutum gyambon da kan yi watanni bai warke ba. Tsawonsa bai fi milimita 3 ba. Macen ce kaɗai ke shan jini, in ba ta sha ba babu ƙwai, in kuwa babu ƙwai, kiwon da muka daɗe muna tattali a ɗakin gwajinmu na Jos ya rushe ke nan.

A da zomo ake sa wa maganin barci a bar su su cije shi. Raina bai taɓa kwanciya da hakan ba, shi ya sa na nace mu koma ga 'yar kwalbar gilashi mai bango biyu, wadda ruwan ɗumi mai digiri 37 ke zagaye jinin da ke cikinta. Bakinta na rufe da Parafilm, wata siririyar leda mai miƙewa, yadda ake yi wa sauro. Ko kallonsa ba su yi ba.

Wani dattijo da ya tsufa a aikin ne ya leƙo kejin ya ce, "Ɗana, wannan ba sauro ba ne. Bakinsa gajere ne, tsaga fata yake yi, jini ya taru ya sha. Je ka nemo 'yan tsaki."

Na ce, "To, Malam."

Tsakon da bai wuce kwana uku ba ake so. Bayan an yanka, a fige a hankali, a ɗaye fatar ƙirji, a kankare kitsen tsaf, a wanke da sifirit sannan da ruwan gishiri, a ɗaure ta a bakin kwalbar a maimakon Parafilm. Gefen da gashi ya fito shi ke fuskantar ƙudajen. Fata biyu na yaga kafin hannuna ya faɗa, kuma ko hujin allura ya isa jinin ya ɗiga ya jiƙa keji.

Duk da haka kaɗan suka sha, ashe sanyin Jos ne. Lokacin hunturu ne, tukunyar ruwan na nuna 37, amma tiyon da ke kai ruwan ɗumin ya yi tsawo, kafin ruwa ya kai kwalbar ya huce. Na rage tiyon, na naɗe shi da auduga. Na kuma janye musu ruwan sukari tun daren da ya gabaci ranar, na bar mazan a ciki, na hura musu numfashina sau biyu, na lulluɓe kejin da baƙin ƙyalle don su masu cizon dare ne.

Bayan awa biyu na ɗaga ƙyallen. Cikkunansu sun yi jajawur, sun lafe a jikin raga. Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa tukwanen da muka shafe da filasta mai danshi, irin farar hodar da ake ɗaurin karaya da ita a asibiti, bayan kamar mako guda Malam ya kira ni in zo in ga ƙwai.