Wasiƙa daga Denba: A-kori-kura da gida a bayanta

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum.

Tun da na sa hoton motata tana jan wani farin ɗaki mai taya huɗu, tambayoyi ba su yanke ba. Wani ƙanena har cewa ya yi ko kuɗin haya ne ya gagare ni. Bai gagara ba. Al'adar mutanen nan Amurka ce: lokacin zafi sai a ɗaura gida sukutum a bayan a-kori-kura, da gado da kicin da banɗaki, a tafi daji ko bakin tafki a kwana biyu. Ni ma na bi yayi, kuma da ƙyar na sha.

Motata Ford F-150 ce, mafi ƙanƙanta a jerin manyan a-kori-kurar Ford, ko da yake in ka ajiye Hilux kusa da ita sai ka ce ƙanwarta ce. A talla an ce wasu samfurinta na jan sama da tan 6. Tirelar da na saya, wato farin ɗakin nan, ba ta kai tan 3 da rabi ba. Dillali ya bugi ƙirji ya ce motar ko a jikinta. Na yarda, don dama neman wanda zai faɗa mini haka nake yi.

Ashe ja daban, ɗauka daban. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela a kan ƙugiyar bayan mota yake sauka, kuma duk cikin kayan da motar ta ɗauka ake lissafa shi. In ka buɗe ƙofar direba za ka ga 'yar takarda mai ruwan ɗorawa a liƙe, ita ke faɗin iyakar abin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya. Tawa kilo 725 ta ce. Tirela ta cinye kusan 440, ƙarfen haɗin wajen 45, sannan ga ni, ga uwargida, ga yara uku. Mun wuce iyaka tun ba a sa kular abinci ba.

A jihar Wayomin, kan babbar hanyar I-80, jiki ya gaya mini. Iskar wurin ba ta wasa, har rufe hanya ake yi wa dogayen motoci marasa nauyi. Wata daf ta wuce mu, sai tirela ta fara kaɗa wutsiya, gaban mota ya yi sakayau, sitiyari kamar ba a hannuna yake ba. Uwargida sai salati. Allah ya sa na tuna abin da maƙwabcina ya koya mini: kada ka taka birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa daga totur, ka matsa birkin tirelar da hannu. Ta miƙe. Na gangara gefe, gwiwoyina na rawa.

Washegari na hau sikelin manyan motoci a wani gidan mai, ya nuna ƙafafun baya sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Na tuna yadda nake wa direbobin kasuwar ƙauye dariya in sun labta wa a-kori-kura buhuna har gindinta na jan ƙasa. Su ko ba sa gudun kilomita 100.

Na sayar da tirelar da asara na sayi ƙarama. Tankin ruwanta ma ba na cikawa sai mun kusa isa, tunda kowace lita kilo ɗaya ce. Yara sun yi fushin rasa gadonsu mai hawa biyu, har yanzu autar ba ta huce ba.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Denba, jihar Kolorado